Yadda Ake Tantance Ƙarfen Ƙera Wuƙa a Kumasi

Maƙerin da ya shiga Magazin na Suame, yankin gyaran motoci da sayar da kayansu a Kumasi, neman ƙarfe zai tarar da sifirin na manyan motoci, da boris, da rodi, da tsofaffin magagarai, kuma kowane mai sayarwa zai rantse cewa nasa ne mai kyau. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne aikin da wuƙar za ta yi, da irin wutar da ke maƙerarsa, domin ƙarfe komai tsadarsa, in wutar gawayi ba za ta iya taurara shi ba, asarar kuɗi ne.

Mataki na farko shi ne a tambayi mai wuƙa abin da zai yi da ita. Mahaucin da yake saran ƙashi a mayankar Kaase yana bukatar ƙarfe mai juriya wanda bakinsa ba zai ɓantare ba, mai yankan tsire kuwa yana son baki siriri mai daɗewa da kaifi, ita kuma uwargida a unguwar Aboabo ko Asawase damuwarta tsatsa ce, domin wuƙarta kullum tana cikin tumatir da albasa da ruwa. Tauri da juriya ba sa taruwa duka a ƙarfe ɗaya: gwargwadon yadda ya ƙara tauri, gwargwadon yadda yake saurin karyewa.

Mataki na biyu shi ne sanin abin da ke cikin kowane ƙarfe. Sinadarin kabon ne yake sa ƙarfe ya taurara, kuma wanda kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba ba ya riƙe kaifi. Wannan ne ya sa ba na ba da shawarar rodin gini, ko da yake ya fi kowanne arha, domin daga tarkace iri-iri ake yawan narka shi, kuma ba a san abin da za a samu ba.

Sifirin na mota galibi daga ƙarfen da ake kira 5160 ko danginsa ake yin sa, mai kabon kusan kashi 0.6 da ɗan sinadarin kuromiyam ƙasa da kashi 1. Yana bin guduma, yana taurara a cikin mai ba tare da wahala ba, kuma yana jure sara, saboda haka a ganina shi ne ya fi dacewa da adda da babbar wuƙar fawa. Aibinsa shi ne ya riga ya sha wuya a ƙarƙashin mota shekara da shekaru, don haka a kankare tsatsar a duba ko akwai siririn tsagu, musamman kusa da ramin tsakiya. Magagari mai kyau kabon ɗinsa yana kai kashi 1 ko fiye, yana ba da kaifi ƙwarai, amma ba ya son sara. Boris kuma yawanci 52100 ne, mai kabon kusan kashi 1 da kuromiyam kashi 1.5, wuƙarsa tana daɗewa ba ta dakushe ba, sai dai yana da taurin kai a kan uwar maƙera, kuma yana tsagewa idan aka ci gaba da dukansa bayan ya fara hucewa.

Farin ƙarfe marar tsatsa shi ne mutane suka fi tambaya, kuma da hujjarsu, domin garin da yake da damina biyu a shekara ba ya raga wa baƙin ƙarfe. Irin wannan ƙarfe yana ɗauke da kuromiyam aƙalla kashi 10.5. Wanda ake yin wuƙa da shi, kamar 440C, sai zafi ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Celsius kuma an riƙe shi daidai na wani lokaci kafin ya taurara, abin da zuga-zugi da gawayi ba sa iya yi da tabbaci. Wanda ake yin tukwane da shi, wato 304, wuta ba ta taurara shi sam. Mai son wuƙa marar tsatsa gara ya sayi ta kamfani a kasuwar Kejetia.

Mataki na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne gwaji, domin tarkacen ƙarfe ba ya zuwa da takarda. A fara da ɗora shi a kan dutsen injin wasa wuƙa a wuri mai ɗan duhu. Idan tartsatsin ya fita dogo kai tsaye ba rassa, kabon ya yi kaɗan. Idan kuma ya riƙa fashewa yana rarrabuwa tun kusa da dutsen, akwai kabon sosai. Daga nan a yanki ɗan guntu, a buga shi ya yi faɗi, a zuga shi har maganaɗisu ya daina kama shi, wato wajen digiri 770, a ƙara masa zafi kaɗan, sannan a tsoma shi cikin man gyaɗa mai ɗumi. Idan ya huce a goga masa magagari: in ya zame bai ci ba, ƙarfen ya taurara. Sai a rufe guntun da tsumma, a kare idanu, a karya shi da guduma a dubi cikinsa. Idan wurin da ya karye ya fito toka-toka sumul, zafin ya yi daidai. Idan ya fito da ƙwayoyi masu ƙyalli kamar na sukari, wuta ta yi masa yawa. Wannan gwaji ne kuma yake tona asirin magagari mai arha wanda bayansa kaɗai aka taurara, domin shi lanƙwashewa yake yi maimakon ya karye. Ƙarfen da aka shafa wa tutiya, irin na kwanon rufi da wasu bututun ruwa, kada a kusanta shi da wuta, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Mataki na huɗu shi ne sassauta taurin bayan an ƙera wuƙar an tsoma ta a mai, kuma a yi shi nan take, kada a bari ta kwana. A goge jikinta ya yi fari, a ɗora gadon bayanta a kan ƙarfe mai zafi, a zuba ido a kan launi. Ruwan ɗorawa mai haske yana bayyana wajen digiri 200 zuwa 230, kuma a nan ake tsayar da bakin wuƙar yanka. Shuɗi yana zuwa wajen digiri 300, ya dace da gadon baya da kuma adda. Wuƙar magagari da ta boris su ne suka fi bukatar wannan mataki, kuma yana da kyau a maimaita shi sau biyu.

Kafin a miƙa wuƙa ga mai ita, a yanka igiya da ita sau da yawa, a sari busasshen itace, sannan a dubi bakin a cikin rana. Idan ya ɓantare, a ƙara sassauta shi. Idan ya naɗe, bai taurara ba, sai a koma wuta. A gaya wa mai saye ya wanke ta ya goge ta bushe bayan kowane aiki, ya shafa mata ɗan man girki, kuma kada ya bar ta cikin kuben fata a lokacin damina.