Yadda Ake Tsara Dokar Jiha Kan Kuɗin Agajin Gaggawa

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti korar wanda aka kawo rai a hannun Allah; wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar 2017 kan masu raunin harbi ma ta ce a karɓe su ba takardar 'yan sanda, ba kuɗin ajiya. Amma jini da ruwan ƙari da zaren ɗinki da aka yi amfani da su cikin dare, wa zai biya? Wannan giɓin ne dokar jiha za ta cike.

A fara da inda kuɗin zai fito. Kashi 5 cikin 100 ne kawai na asusun kiwon lafiya na matakin farko na gwamnatin tarayya (BHCPF) aka ware wa agajin gaggawa, don haka jiha ta nemi nata, kamar ɗan ƙari a kan kuɗin sabunta takardun mota, yadda jihar Maryland ta Amurka take yi. Jingina da tara yana da haɗari: jihar Texas ta Amurka ta ɗora wa direbobi masu laifi ƙarin kuɗi a 2003, da yawa suka kasa biya, aka dakatar da lasisinsu, aka soke tsarin a 2019.

Sai wurin ajiya, kuma nan ake yawan faɗuwa. Dokar ta ambaci asusu na musamman da sunansa, ta hana karkatar da shi, ta ce ragowar bana ta tsallaka baɗi. A jihar Georgia ta Amurka, tarar dala 200 da aka fara cin masu gudun wuce sa'a a 2010 ta shafe shekaru tana shiga baitulmalin jiha, agajin gaggawa kuwa sai abin da majalisa ta ware masa duk shekara.

A fayyace abin da za a biya: motar ɗaukar marasa lafiya, jini, tiyata da jinyar sa'o'i 48 na farko, daidai da tsarin agajin gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa (NEMSAS), kowanne da farashinsa a rubuce. A sa asibitocin kuɗi a ciki, don sau da yawa su ne mafi kusa da babban titi.

A yanke wa'adin biya, misali kwana 30 daga miƙa takardu, da hukunci ga jami'in da ya danne fayil. In bashi ya taru, asibiti zai koma cewa dangi su fara zuwa wurin kashiya kafin likita ya taɓa mara lafiya.