Yadda ake saka ƙashi a lissafin hoton PET/MRI

Wanda ya saba da na'urar PET/CT (mai haɗa hoton PET, na bin sawun magani mai fitar da haske a cikin jiki, da hoton CT na X-ray), ranar da aka mayar da shi kan PET/MRI (inda hoton maganaɗisu na MRI ya maye gurbin CT) akwai abin da zai iya shige masa ba tare da ya ankara ba: MRI ba ta ganin ƙashi. Hoto zai fito tas, ƙwaƙwalwa a fili, hanta a fili, amma lambar SUV, wato ma'aunin yawan maganin da wuri ya zuƙa, da likita zai dogara da ita ta yi ƙasa da gaskiya a duk inda ƙashi yake kusa.

Ga asalin matsalar. Maganin da ake yi wa majiyyaci allurarsa, kamar FDG (wani nau'in sukari), yana sa ƙwayoyin haske su riƙa fita bibbiyu, baya da baya, kowace da ƙarfin keV 511 (keV ma'aunin ƙarfin haske ne). Jiki yana tare da yawa daga cikinsu kafin su kai zoben na'ura. Nama yana tarewa da kimanin 0.096 a kowace santimita, wato in hanyar ta ratsa santimita 20, abin da zai tsira bai wuce kashi 15 cikin 100 ba. Ƙashi mai tauri kuwa yana kaiwa 0.15 zuwa 0.17. Saboda haka dole a ba kwamfuta taswirar jiki da za ta nuna mata nawa kowane wuri ya tare, ta mayar da abin da ya ɓace. A PET/CT, wadda David Townsend da Ronald Nutt suka fara gwadawa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka a 1998, taswirar tana zuwa a sauƙaƙe, domin shi kansa CT tarewar haske yake aunawa. Ita MRI haidirojin na cikin ruwa da kitse take saurare, siginar ƙashi mai tauri kuma tana mutuwa cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Kafin na'ura ta kasa kunne ta riga ta shuɗe, sai ƙashi ya fito baƙi ƙirin tamkar iska.

Da farko, ka san da wace hanya na'urarka take haɗa taswirar. Tsohuwar hanya, wadda Biograph mMR ta Siemens ta fito da ita wajen 2010, ita ce ta Dixon, dabarar raba siginar ruwa da ta kitse da aka samo tun 1984. Tana kasa jiki gida huɗu: iska, huhu, kitse da nama. Ƙashi ba shi da gida, sai a lissafa shi a matsayin nama. Gwada lissafin da kanka. A ce kaurin ƙoƙon kai milimita 7 ne, layin hasken ya ratsa shi sau biyu, ya zama santimita 1.4. Bambancin 0.15 da 0.096, in ka ninka shi da 1.4, zai ba ka asarar kusan kashi 8 cikin 100. Wannan a layin da ya shiga kai tsaye ke nan. Wanda ya bi ta gefe a karkace ya fi daɗewa cikin ƙashi, shi ya sa kuskuren ya fi yawa a gefunan ƙwaƙwalwa, kusa da ƙoƙo, ya ragu a tsakiya. Ga mai neman alamar cutar mantuwa, wurin nan ne kuwa ake zuba wa ido.

Na biyu, shirya majiyyaci. Tambaye shi ko akwai ƙarfe a jikinsa: haƙorin roba mai ƙarfe, ciko, ƙusa a ƙashin baya, ƙugun da aka sauya. Ƙarfe yana haƙa rami a hoton MRI, kwamfuta kuma ta ɗauki ramin a matsayin iska. Ɗauki hoton taswirar kafin allurar gadoliniyam, mai ƙara fito da hoton MRI, domin tana iya rikita rabon ruwa da kitse. Kada kuma ya motsa tsakanin hoton taswira da na PET.

Na uku shi ne inda aikin yake, wato zaɓen hanyar da za ta dawo da ƙashi. Sashen jikin da ake dubawa shi ke yanke hukunci.

In kai ne, yi amfani da UTE ko ZTE, hanyoyin ɗaukar hoton MRI masu saurin kasa kunne. UTE tana sauraro sau biyu: na farko da wuri matuƙa, wajen milisakan 0.07, lokacin da siginar ƙashi ba ta gama mutuwa ba, na biyu kuma bayan milisakan 2 da ɗoriya, lokacin da ta riga ta tafi. Abin da ya bayyana a na farko ya ɓace a na biyu, shi ne ƙashi. Abin da babu shi a duka biyun, iska ne. ZTE, wadda aka fi samu a Signa PET/MR ta kamfanin GE, ta fi ma saurin kasa kunne. Raunin su biyun yana inda iska da siririn ƙashi suka cuɗe, kamar kogunan hanci, bayan kunne da gindin ƙoƙon kai.

In jiki ne gaba ɗaya, hanyar da aka fi bi ita ce a ɗauko samfurin ƙasusuwa da aka tanada daga hotunan CT, a lanƙwasa shi ya dace da hoton Dixon na majiyyacin. Manyan ƙasusuwa take sakawa: ƙoƙon kai, ƙashin baya, ƙugu da saman cinya. Haƙarƙari ba sa shiga. Ga mai ciwon dajin prostate (ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), wanda yake yawan yaɗuwa zuwa ƙugu da ƙashin baya, a ganina bai kamata a karanta SUV ba tare da wannan ba. Sai dai samfuri na jikin da bai sauya ba ne. Yaro ƙarami, ko wanda aka cire wa wani yanki na ƙoƙon kai a tiyata, samfuri zai iya dasa masa ƙashi inda babu.

Akwai kuma manhajojin da aka horar da dubban hotuna, suna ƙirƙiro CT na kwaikwayo daga MRI. A kai suna aiki da kyau ƙwarai, amma abin da aka nuna musu shi suka sani. In majiyyaci yana da CT na kwanan nan na wannan sashen, musamman kai wanda ba ya lanƙwashewa, a daidaita shi da MRI a yi amfani da shi kawai.

Na huɗu, buɗe taswirar ka dube ta da idonka, yanki bayan yanki. Wannan ne matakin da ake yawan tsallakewa idan layi ya yi tsawo, kuma bai kai minti biyu ba. Ƙoƙon kai ya zagaye ba tare da giɓi ba? Ƙashin baya yana zaune a mazauninsa ko ya zame gefe? Akwai baƙin rami a muƙamuƙi? Kitse da ruwa ba su yi musaya ba? Duba hannaye ma, domin faɗin da MRI take gani bai kai na PET ba, sau da yawa sai ka tarar an yanke damatsa, sai an cike su da wata dabara.

Daga nan ka jera hoton PET da aka gyara da taswirar kusa da wanda ba a gyara ba. Tabo mai haske ko duhu da ya bayyana a gyararren kaɗai, a yi zargin taswira kafin a yi zargin cuta. In ƙari yana cikin ƙashi ko dab da shi, haɗa hoton sau biyu, da ƙashi da kuma babu, ka ga nawa lambar ta motsa.

Rubuta sunan hanyar da sigar manhajar a rahoto. Idan majiyyaci ya dawo bayan wata uku na shan magani, a yi masa da irin wadda aka yi masa a farko. In an sabunta manhaja a tsakani, a koma kan bayanan farko a sake haɗa hoton da sabuwar hanya kafin a kwatanta lambobin biyu.