Shawara ga mai zuwa Granada na yini ɗaya

Jama'a, duk mai niyyar leƙa Granada ta ƙasar Sifaniya don ganin fadar Alhambra, ya sayi tikiti ta intanet tun da sauran makonni, domin yakan ƙare. A duba tikitin da kyau: an rubuta lokacin shiga fadojin sarakunan Banu Nasr (sarakunan Musulmi na ƙarshe da suka mulki Granada), kuma nan ne zuciyar wurin. Wanda ya makara ba a barinsa ya shiga, kuɗinsa sun tafi ke nan. A riƙe fasfo, ana dubawa. Tudun da fadar take kai yana da wuyar hawa a ƙafa, amma bas mai lamba C30 na kaiwa daga tsakiyar gari. A ware awa uku. Sallah kuwa, akwai masallaci a unguwar Albaisin, an buɗe shi a 2003.