Yaronki ya cika wata 6? Ga yadda za ki soma ba shi abinci

'Yan uwana mata, musamman masu goyon fari, wannan maganar ta daɗe tana cina. Duk ranar da na je awo asibiti nan Sakkwato sai na ga jariran da sunka taso ɓul-ɓul har wata 5, amma daga an shiga wata 7 ko 8 sai nauyi ya tsaya a kati, yaro ya soma ramewa, uwa ta ce ai haƙori ne. Wallahi sau da yawa ba haƙori ba ne, kunun da muke ba su ne tsararo, bai da komi ciki.

Kafin wata 6 nono zalla ne, ko ruwa ba sai kin ba shi ba ko da cikin zafin Afrilu ne, nonon da ruwanshi ciki. Amma daga ya cika 6 nono kaɗai bai isarshi, don sinadarin ayan mai ƙara jini da ya taho da shi tun daga ciki ya soma ƙarewa. Za ki ga alama da kanki, wuyanshi ya tsaya, yana zama in an tallafe shi, yana bin lomarki da ido yana buɗe baki. Nonon kuma ba dainawa za ki yi ba hwa, ana so ya sha har shekara 2.

To ga batun kunu. Ki ɗebo a cokali ki karkata shi, in ya zuba sharr kamar ruwa to bai yi ba, cikin jariri ɗan ƙarami ne, in kinka cika shi da ruwa-ruwa sai ya ƙoshi alhali bai ci komi ba. Ni yadda nake yi, gero gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1, in tsince su tsaf in zubar da duk gyaɗar da ta yi fumfuna, in soya kowanne daban, in surfe waken ɓawon ya fita sannan a niƙa a tankaɗe, shi ne garin da ma'aikatan asibiti ke ce ma Tom Brown, ki aje shi cikin roba mai murfi ki riƙa damawa kaɗan-kaɗan daidai wanda zai sha, don kunun da ya wuni cikin zafin garin nan shi ke kawo zawo.

Ki soma da cokali 2 ko 3 sau biyu a rana, ki riƙa ƙarawa har ya kai kamar rabin kofi sau 2 zuwa 3 kafin ya shiga wata 9. Kuma kada ki tsaya kan kunu kullum. Dafaffen ƙwai, 'yar hanta, kifin da anka cire ma ƙaya, wake, kabewa, dankalin Hausa, ayaba, garin zogale, duk ki murje su su yi laushi. Maganar wai ƙwai na sa yaro sata ko ya hana shi magana, don Allah mu bar ta, ba ta da tushe. Banda zuma sai ya shekara, banda shayi, kuma ba sai kin sa sukari ko gishiri ko Maggi ba.

Abin da na fi roƙonku shi ne ku bar ɗure. Ko Inna ko Kaka ce ta ce a miƙo shi ta ɗura mishi, ki ba ta haƙuri cikin ladabi, don yaron da anka toshe ma hanci yana kuka kunun na iya wucewa huhunshi. Ki zaunar da shi kan cinyarki, hannunki a wanke da sabulu, kofi da cokali banda fida, in ya kau da kai ki bari sai an jima, wani abincin sai an gwada mishi sau da yawa kafin ya karɓa.

Goyo na da daɗi amma ki riƙa sauke shi kan tabarma, ki kifar da shi kan cikinshi yana farke kina kusa, ki aje abin wasa ɗan nesa ya miƙa hannu. In ya yi gwarancinshi na ba-ba-ba ki amsa mishi, ki kira sunanshi, ki yi mishi waƙa, babanshi ma ya yi. Waya kam ki ɗauke ta daga gabanshi.

Ranar awo ki tuna ana ba da bitamin A a wata 6, allurar ƙyanda da ta shawara a wata 9, da damina kuma ki karɓi maganin rigakafin maleriya da ake rabawa gida-gida, ya kwana cikin gidan sauro. In zawo ya kama shi ORS (ruwan gishiri da sukari na asibiti) da ƙwayar zinc ne, ki ci gaba da nono. In kuwa ya ƙi kama nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko jijjiga, ko numfashi da sauri, ko ƙafafunshi sun kumbura, ki kai shi asibiti a ranar ko da dare ne.