Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar sabon kafireto ga injin tsohuwar mota

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin mutane shi ne sayen kafireton da ya fi ƙarfin injin. Mutum na da injin Chevrolet V8 mai girman kubik inci 350, sai ya ɗora masa kafireto mai CFM 750 (CFM shi ne ma'aunin yawan iskar da kafireto ke iya wucewa da ita a minti ɗaya), wai don mota ta ƙara gudu. Ba haka abin yake ba. Saurin iskar da ke ratsa maƙogwaron kafireto ne ke zuƙo fetur, kuma idan maƙogwaro ya yi faɗi da yawa iska sai ta yi sanyin jiki. Fetur ya daina fesuwa da kyau, ka taka totur mota ta shaƙe kafin ta zabura, fulogi ya yi baƙi ƙirin.

Lissafin ba wuya: ninka girman inji a kubik inci da iyakar juyin da zai yi a minti, ka raba da 3456, sannan ka ɗauki kashi 85 cikin 100. Inji 350 mai kaiwa juyi 5,500 bai wuce CFM 475 yake buƙata ba. Mai 600 ya ishe shi har da rara. To, me ya kai ka ga 750? Ganin ido ne kawai, kuma kai za ka yi ta biyan kuɗin mai.

Na biyu ya fi muni, don giya yake kashewa. Idan motar na da giyar otomatik samfurin 700R4, wayar ƙarfen da ta taso daga giya zuwa hannun totur ita ke daidaita matsin man giya. Ka sauya kafireto ba tare da maƙalar da ta dace da wayar nan ba, matsi ya yi ƙasa, kulocin ciki ya ƙone cikin ɗan lokaci. Wallahi abin takaici ne a rasa giya saboda ɗan ƙarfen da ake riƙewa da yatsu biyu. Ni a wurina ba a tayar da mota sai an tabbatar wayar ta miƙe tsaf lokacin da totur ya buɗe gaba ɗaya.

Mota mai nauyi da giyar otomatik, a ba ta kafireto mai maƙogwaro huɗu wanda ƙofofinsa biyu na baya ke buɗewa da zuƙar inji. Mai famfon fesa fetur biyu kuwa na motar tsere ne.

Dubi bakin manifol, wato inda kafireto ke zama a kan inji, kafin ka biya. Na kafireton Quadrajet ramukan baya sun fi na gaba faɗi, galibin kafireton Holley da Edelbrock kuwa ramukansu kusan kai ɗaya suke. In ba su dace ba iska za ta riƙa satar shiga ta gefe.

Matsin fetur ma a auna shi: kafireton Weber wajen psi 3 (psi ma'aunin matsi ne), Edelbrock kada ya haura 6, in ba haka ba mai ya yi ambaliya. Cok na lantarki, wato abin da ke rage iska don inji ya tashi da sanyi, yana son wuta volt 12 cikakke daga layin makulli, kada a ja masa daga kwayil.

Kafin duk wannan, a gyara taimin tukuna. Sau da yawa tsohon kafireton lafiyarsa ƙalau, wutar ce ba ta zuwa kan lokaci.