Inda Ya Dace Labari Ya Fara Idan Duniyarsa Mai Faɗi Ce

Marubucin da ya daɗe yana gina duniyar labarinsa, ya zana taswira, ya jera sarakuna, ya ƙirƙiro dokoki da harsuna, yakan ga kamar wajibi ne ya juye wa mai karatu dukkan wannan tun daga shafin farko. Amma mai karatu ba ya damuwa da tarihin wata ƙasa sai ya ga mutumin da tarihin ya matsa wa lamba.

Don haka ka fara da jera wa kanka abubuwan da suka faru bi da bi, a takarda dabam wadda ba za ta shiga littafin ba. Sannan ka nemi ranar da wata doka ta duniyar ta fara cin karo da buƙatar tauraron labarin, ka ɗan ja da baya kaɗan domin a ga yadda rayuwarsa take kafin ta dagule. A nan labarin zai fara.

A ce ka ƙirƙiro masarautar da aka haramta hura wuta bayan faɗuwar rana, saboda wata gobara da ta cinye babban birnin shekaru 700 da suka wuce. Kada ka buɗe da gobarar. Ka buɗe da yarinyar da naƙuda ta kama mahaifiyarta da tsakar dare, tana durƙushe gaban murhu da ƙyastu a hannu, tana jin takun masu sintiri a bayan katanga. Daga wannan kaɗai mai karatu ya san akwai doka, akwai masu tsaronta, akwai kuma hukunci, sai ya shiga tambayar dalilin haramcin da kansa, kuma bayanin da aka nema ya fi shiga kai. Labarin gobarar yana iya jira har babi na uku, a ji shi daga bakin wanda yake da dalilin faɗinsa.

Ka taƙaita baƙin sunaye a shafukan farko. Biyu ko uku sun wadatar. A ganina, doguwar shimfiɗa kafin babi na ɗaya ba ta cika zama dole ba.

Idan ka kammala rubutun farko, ka cire sakin layin da ya buɗe labarin, ka sake karantawa. Muddin labarin bai girgiza ba, ka cire na gaba, ka ci gaba da haka har ka iso inda cirewa za ta rikita mai karatu.