Yadda ake jinyar mai jego a ranar farko bayan tiyatar haihuwa

Da zarar an dawo da ita daga ɗakin tiyata, ke ma'aikaciyar jinya ki ja labule, ki yi mata sannu, ki gaya mata sunanki da inda jaririnta yake. Idan allurar baya aka yi mata, wato ta kashe zafi daga ƙugu zuwa ƙasa, ki sanar da ita ƙafafunta za su dawo daidai cikin awa 2 zuwa 4. Wasu suna kwance da fargabar sun shanye, kuma ba za su tambaya ba.

Sai awo: bugun zuciya, hawan jini da numfashi, duk minti 15 a awar farko, daga baya duk rabin awa. Kafin ki danna mararta ki ce, "Yi haƙuri, zan duba mahaifa, zai ɗan yi zafi." Mahaifa ya kamata ta yi tauri. In ta yi laushi, ko ƙunzugu ya jiƙe sharkaf kafin awa guda, ko bugun zuciya ya haura 110, a kira likita nan take, domin bugun ne yakan fara tona zubar jini kafin awon hawan jini ya faɗi. Fitsarin da ke taruwa a robar fitsari kada ya gaza mililita 30 a awa.

Wajen ciwo aka fi yin sakaci. Mai haihuwar fari, musamman a gaban surukarta, "da sauƙi" za ta ce ko tana cije leɓe. Ki matso kusa, ki tambaye ta a hankali, daga 0 zuwa 10 ina zafin ya kai, kina kallon fuskarta. A ba da magani a kan lokacinsa, kada a jira sai ta yi kuka. Farasitamol giram 1 ne duk awa 6, ba ya wuce giram 4 a rana. Mai ƙarfi kuma sai yadda likita ya rubuta. Bayan rabin awa ki koma ki ji ko ya lafa. In kin ce za ki dawo, ki dawo.

Ki taimaka mata ta ba jariri dakashi tana kwance ta gefe, don kada ya danne ɗinkin. Cikin awa 24 ta zauna a bakin gado, sannan ta taka kina riƙe da ita. Daɗewa a kwance na jawo daskarewar jini a ƙafa. In tari ya zo, ta dafe ɗinkin da matashi.

Mai jinyarta ta gida ma a yi mata bayani: ruwan zafi da ganyen wankan jego kada su taɓa ɗinkin. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, kumburi, ko ruwa mai wari daga wurin, a dawo asibiti ranar.